Tautau ne, in ji Inna

Wata safiya a tsakiyar watan Agusta, bayan an kwana ana yayyafi a Yamai, ƴar autata mai shekara 6 ta tashi da wani jan tabo a gefen wuyanta, dogo siriri kamar an ja shi da tsinken ashana mai wuta, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi tabon ya yi bororo a jere. Mahaifiyata, wadda ta zo daga Tawa ganin likitan ido ta kuma zauna tare da mu a Bukoki har ƙarshen damina, ta kama haɓar yarinyar ta juya wuyan wajen haske, ta duba sau ɗaya ta yanke hukunci. "Tautau ne ya yi wa kishiyar tawa fitsari," in ji ta. Sannan ta juyo kaina ba tare da ta kama sunana ba, domin ni ne ɗanta na fari kuma ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ta ce, "Kai kuma maigidan nan, ɗaga kai ka dubi rufin ɗakinka. Yanar tautau ko'ina, sai ka ce kangon da aka shekara ba a shiga ba."

Ranar nan gizo-gizon gidanmu sun ga ta kansu. An ɗaura tsintsiya a kan gora an bi kowace kusurwa, an janye gadaje, an zazzage akwatuna, an fesa maganin ƙwari har sai da muka fita tsakar gida muna tari. Inna ta so a kwaɓa toka da man shanu a shafa wa yarinyar, maiɗakina ta roƙe ta cikin ladabi da a dakata tukuna, ni kuwa na ɗauki yarinyar a kan babur zuwa ɗakin shan magani na unguwa. Majon da muka tarar dattijo ne mai sanyin magana, kuma tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, akwai fitilar da ke kwana a kunne kusa da shimfiɗarta?" Na ce akwai, domin tana tsoron duhu. Ya nuna mini yadda tabon ya fito biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna kallon juna daidai inda fatar wuya ke haɗuwa idan mutum ya sunkuyar da kai, ya ce wannan aikin ƙwaron da masu faransanci ke cewa kantarid ne, wanda manoma suka sani da hangara, kuma duk damina yana ganin irinsa. Ya wanke wurin, ya ba da abin shafawa, ya hana a fasa bororon. Cikin kwana goma sai ɗan duhun fata ya rage.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Ƙwarin nan suna yawaita lokacin da hatsi ke fure, suna cin furen a gona, da dare kuma haske ya jawo su cikin gidaje. Ba su cizo kuma ba su harbi, amma a jikinsu akwai wani ruwa mai ƙuna da ke fita idan an danne su. Mutum yana barci ya ji abu na tafiya a wuyansa, ya kai hannu ya murje shi ya ja, shi ya sa tabon ke fitowa a tsaye kamar layi. Ƙunar ba ta bayyana nan take sai bayan sa'o'i, lokacin da ƙwaron ya riga ya faɗi ƙasa tsintsiyar safe ta tafi da shi. Wanda ya rage a ɗakin, yana zaune a kusurwarsa ido na ganinsa, shi ne gizo-gizo. Shi ake ɗora wa laifin.

Tun daga wannan rana na fara lura da cewa mun raba halitta ɗaya gida biyu. Idan ana tatsuniya Gizo ne, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki da wayon tsiya, wanda ke wasa da hankalin kura da giwa, kuma da sunansa ake rufe zance: ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Sunansa ne a jikin bakan gizo, kuma shi muka ara muka raɗa wa yanar gizo. Amma da zarar fata ta yi ƙuraje sai ya koma tautau, a ɗauko takalmi. Kuma ƙurajen da ake jingina masa ba na hangara kaɗai ba ne. Akwai ciwon da likitocinmu ke kira zona, wanda ke fitowa a ɓangare ɗaya na jiki kamar ɗamara, da raɗaɗi mai tsanani, galibi ga dattawa da waɗanda jikinsu ya yi rauni. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun ƙuruciya take farkawa, kuma maganinta ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana uku na farko. Akwai kuma maruru da kumburin da ƙwayoyin cuta ke haddasawa idan suka samu ƙofa ta ƙaramin rauni. A wani bincike da aka wallafa a 2011, an duba mutum 182 da suka je sashen gaggawa na wani asibiti a Kalifoniya ta Amurka suna cewa gizo-gizo ya cije su. Mutum 7 kawai aka tabbatar cizon gizo-gizo ne, kusan 86 cikin 100 kuwa ƙwayoyin cuta ne suka kama musu fata. Ashe ba mu kaɗai ke yi wa tautau ƙazafi ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne kwanakin da ake ɓatawa, domin wanda aka ce masa tautau ne yakan zauna gida yana shafe-shafe, alhali zona ko kumburi mai mugunya na ci gaba da cin jikinsa.

Shi kansa wanda ake zargin, sai da na manyanta na tsaya na dube shi da kyau. A ƙididdigar masana ba ya cikin jinsin ƙuda da sauro da fara, domin waɗannan ƙafa shida gare su da jiki kashi uku, shi kuwa ƙafa takwas, jiki kashi biyu, babu fiffike. Danginsa na kusa su ne kunama da kaska. Kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda gidan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi, ya cika nau'i 50,000 a watan Afrilu na 2022, kuma har yanzu ana ƙara sababbi. Kusan dukkansu suna da dafi, wannan gaskiya ne, amma dafin kayan farauta ne da aka yi daidai da ƙuda da kyankyaso. Gizo-gizo ba ya iya haɗiye abu mai tauri, saboda haka sai ya sumar da abin da ya kama, ya zuba masa ruwan narkar da abinci, ya tsotse romon ya bar ɓawo. Da yawa daga cikinsu fiƙoƙinsu ba su isa su huda fatar mutum ba ma. Kuma busassun gawarwakin da muke gani rataye a yana, mu ɗauka matattu ne, sau da yawa tsohuwar riga ce, domin shi ma yana saɓa kamar maciji duk lokacin da ya ƙara girma. Idan ya mutu da gaske ƙafafunsa kan naɗe ciki, saboda matsin ruwan jikinsa ne ke miƙar da su, da zarar matsin ya tafi sai su dunƙule.

Saƙa ita ce abin da aka fi saninsa da shi, ko da yake da yawa daga cikinsu ba su kafa tarko sam, farauta suke yi da ƙafa. Bayan kisan kiyashin da aka yi a gidanmu, wani ya dawo ya kafa tasa tsakanin reshen dogon yaro da igiyar shanya, kuma na yi maraice da dama ina kallonsa. Yakan fara da sakin zare ɗaya iska ta ɗauka har ya maƙale a wancan gefe, ya bi shi ya ƙarfafa, sannan ya ja zaruruwa daga tsakiya zuwa baki kamar wayoyin ƙafar keke. Waɗannan ba su da danƙo, su ne hanyarsa ta tafiya. Daga baya yake zagayawa da zare mai danƙo, yana auna tazara da ƙafarsa. Idan ya gama sai ya zauna a tsakiya kai a ƙasa, ƙafafunsa a kan zaruruwan, domin masu irin wannan saƙa ba su da ƙarfin gani duk da idanu takwas, da motsin zare suke gane abin da ya faɗo, ganye ne ko ƙuda, babba ne ko ƙarami. Na taɓa jefa masa ɗan tsinke, ya zo ya taɓa, ya tsinke zaren da ke riƙe da shi ya bar shi ya faɗi, ya koma mazauninsa kamar mai shagon da aka tayar a banza. Da asuba nakan tarar babu komai, ya cinye tsohuwar saƙar don ya sake amfani da sinadarinta, da magariba ya ɗora sabuwa.

Zaren nan yana fita ne daga wasu ƴan ƙofofi a ƙarshen cikinsa, ruwa ne a ciki, yana daskarewa yayin da ake jansa, kuma idan aka auna ƙarfi da nauyi, wasu nau'insa suna gogayya da ƙarfe. A Madagaska an taɓa tara zaren gizo-gizo fiye da miliyan ɗaya aka saƙa mayafi mai ruwan zinariya, wanda aka baje a wani gidan tarihi na Landan a 2012. Da wannan zare ne kuma ƙananansu ke tafiya a sama: ɗan gizo ya hau kan tsinke, ya ɗaga ciki, ya saki zare, iska ta yi gaba da shi. Charles Darwin ya rubuta cewa a 1832 irin waɗannan sun sauko a kan jirgin ruwan da yake ciki, kusan kilomita 100 daga gaɓar Ajantina. Da na karanta wannan sai na daina mamakin yadda suka dawo gidanmu mako biyu bayan feshi.

Wanda na fi so a cikinsu ɗan ƙarami ne da bai kai ƙwayar wake ba, mai gajerun ƙafafu da manyan idanu biyu a gaba, wanda ke yawo a bangon da rana ke duka. Shi ba ya saƙa tarko, tsalle yake yi. Wata rana bayan azahar ina zaune a zaure na ga ɗaya ya hango ƙuda a bakin taga. Ya juya jikinsa gaba ɗaya ya fuskance shi, ya matsa kaɗan ya tsaya, ya sake matsawa kamar kyanwa ta ga kusu, kuma duk lokacin da ƙudan ya daina goge hannuwa shi ma sai ya daskare. Da ya rage kamar tsawon ɗan yatsa, ya manna zare a bango, ya yi tsalle, su biyun suka faɗo suna lilo a jikin zaren, sannan ya hau da abinsa. Da na kawo fuskata kusa, sai ya ɗago ya dube ni, kallon da ya sa na ji kamar ni ne baƙo a zauren. A gaɓar tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, akwai ɗan'uwansa da masana ke kira Evarcha culicivora, wanda abincin da ya fi so shi ne macen sauro da ta sha jini ta ƙoshi, har da irin wadda ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Ba zan ce gizo-gizo zai maye gurbin gidan sauro ba, wannan wauta ce. Amma wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun ƙiyasta a 2017 cewa gizo-gizon duniya na cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara, kuma wani kaso na wannan aiki a gonakin hatsi da wake da lambunan albasa ake yinsa, ba tare da an biya ko dala ba. Shi ma fa yana da masu cinsa: ƙadangare da tsuntsaye, da wani zanzaro da ke gina ɗakin laka a bango. Duk wanda ya taɓa fasa irin wannan ɗaki yana yaro ya ga gizo-gizo cushe a ciki, a sume ba a mace ba, an ajiye su abincin tsutsar da za ta ƙyanƙyashe.

Duk wannan ba ya nufin babu mai haɗari. Akwai, sai dai ba su da yawa, kuma sanin kamanninsu ya fi tsoron kowa da kowa amfani. Na farko su ne dangin Latrodectus, masu ƙaramin jiki da ciki zagaye kamar ƙwallon magarya da siraran ƙafafu. A ƙasan cikin akwai tambari ja ko ruwan goro mai siffar kalangu. Turawa sun yi musu laƙabi da matar mamaci, domin macen kan cinye namijin bayan barbara, ko da yake ba kullum hakan ke faruwa ba. Baƙar ita ce ta yi suna a Amurka, amma mai launin ƙasa ta bazu a ƙasashe masu zafi, har da Afirka, kuma tana son zama kusa da mutane: ƙarƙashin kujerun roba, cikin tsofaffin tayoyi, bakin bokitin da aka kife, lungun ban ɗaki. Saƙarta a hargitse take ba tsari, kuma abin da ya fi saurin tona ta shi ne jakar ƙwanta, fara mai ƙayoyi kewaye kamar ƙarangiya. Na ga irin wannan jaka guda uku a ƙarƙashin wata kujera da ta daɗe a bayan ɗakin girkinmu, wurin da tsintsiyar Inna ba ta ma kai ba, domin ita sama take kallo. Dafin wannan dangi jijiyoyi yake taɓawa. Wurin cizon ba ya nuna wani abin kirki, amma ciwo kan bazu, tsoka ta riƙa murɗawa, ciki ya yi tauri, zufa ta karyo, wani lokaci da amai da hawan jini. Cizon mai launin ƙasa galibi ya fi na baƙar sauƙi, kuma mutuwa daga cizon dangin gaba ɗaya abu ne mai wuyar aukuwa, amma ƙaramin yaro ko tsoho da ya nuna waɗannan alamu asibiti ne wurinsa ba tare da jinkiri ba.

Na biyu su ne dangin Loxosceles, masu idanu shida da tambari kamar goge a bayansu, waɗanda dafinsu kan kashe fata a wurin cizon har ya zama gyambo. Sun fi addabar Kudancin Amurka, musamman Barazil da Chile da Peru, akwai su kuma a kewayen Bahar Rum da kudancin Afirka. Amma ko su ba masu neman faɗa ba ne. A 2001, a wani gida a jihar Kansas ta Amurka, an kama 2,055 daga cikinsu cikin wata shida, kuma babu ko ɗaya daga mutanen gidan huɗu da aka ciza duk da shekarun da suka yi a ciki. Cizon kan faru ne idan an matse shi tsakanin fata da riga ko zanen gado, ya rasa hanyar gudu. Hatta a Ostareliya, inda ake da wani baƙin gizo mai rami a kewayen birnin Sidni wanda ke cikin mafi mugun dafi a duniya, mutum 13 aka rubuta ya kashe, kuma tun da aka fara amfani da makarinsa a 1981 ba a sake rubuta mutuwa ba. A can ɗin kuma aka bi diddigin cizo 750 da aka kama gizon da ya yi su aka tantance shi, a binciken da aka wallafa a 2002, ba a samu ko ɗaya da ya zama gyambo ba. Mafi yawansu raɗaɗi ne na ɗan lokaci da ja da ƙaiƙayi.

Idan aka ajiye waɗannan alƙaluma kusa da abin da ke kashe mu da gaske, sai mutum ya ji kunyar kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sarar maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe kimanin 597,000 a 2023, kuma Nijar na cikin ƙasashe huɗu da suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi, tare da Najeriya da Kwango da Tanzaniya. Mutanen Agadas da Arlit kuwa sun san abin da harbin kunama ke yi wa ƙananan yara a lokacin zafi. A ranar da muka yi yaƙi da yana, gidan sauron ƴar autata yana da huda biyu da na yi wata guda ina cewa gobe za a ɗinke.

Akwai kuma wanda ya fi kowa firgita jama'a alhali ba gizo-gizo ba ne, ɗan'uwa ne kawai. Ina nufin wannan mai gashi, mai launin rairayi, mai gudun tsiya, wanda ake cewa kunama na hawansa kamar doki. Duk wanda ya tashi a Adar ya san shi. A wani daren watan Mayu a Tawa, muna zaune a fada ana dafa shayi a ƙarƙashin fitila, ɗaya ya shigo tsakiyarmu a guje. Manyan mutane masu iyali suka watse, wani ya hau benci, wani ya yi fatali da butar shayi, wani ya bar takalminsa ɗaya bai dawo ya ɗauka ba sai da safe. Shi kuwa farar da fitila ta tara yake nema. Da rana kuma inuwa yake bi don gudun zafin ƙasa, shi ya sa idan ka gudu sai ka ga kamar kai yake kora, alhali inuwarka yake so. Muƙamuƙansa manya ne kuma idan aka kama shi zai iya yin cizo mai zafi, amma ba shi da dafi ko kaɗan, ba ya kuma saƙa. Hotonsa ne sojojin Amurka suka yaɗa daga Iraƙi bayan yaƙin 2003, an ɗauke shi dab da kyamara har ya yi kamar tsawon ƙafar mutum, aka haɗa da ƙaryar cewa yana cin cikin raƙumi. Har yau irin waɗannan hotuna na zagayowa a WhatsApp, da gargaɗin cewa wani sabon gizo mai kisa ya shigo gari a tura wa kowa. Wasu masana sun duba labaran jarida fiye da 5,000 daga ƙasashe 81 a kan gizo-gizo, suka wallafa a 2022 cewa kusan rabinsu na ɗauke da kuskure. Idan jarida ta yi haka, me za a ce da saƙon da ba a san wanda ya fara shi ba?

Abin da muka sauya a gidanmu bayan duk wannan kaɗan ne. An matsar da fitilar dare nesa da shimfiɗar yara, an ɗinke gidan sauro, kuma na koya musu cewa idan ƙwaro ya sauka a jiki a hure shi ko a kakkaɓe, kada a murje, idan kuma an riga an murje a wanke da sabulu nan take. Ana zazzage takalmi da tufafin da suka kwana a ƙasa, ba a sa hannu a lungun da ido bai gani ba, kuma kujerun roba ana kifa su a duba. Idan aka yi cizo na gaske, majon nan ya ce a wanke da ruwa da sabulu, a ɗora abu mai sanyi, a sha maganin ciwo irin farasitamol, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure ko a ƙona, kuma idan an samu a kama gizon a kwalba ko a ɗauki hotonsa. Idan ja na ƙara faɗi, ko zazzaɓi ya shigo, ko wurin ya yi baƙi ko mugunya, a je a nuna, ko da kowa a gida ya rantse tautau ne. Yanar cikin ɗakunan kwana ana share ta, domin ƙazanta ce kuma tana tara ƙura. Ta cikin lambu da ta bayan gida na ce a bar ta.

Da Inna kuwa ba mu gama ba. Na yi mata bayanin hangara, na yi mata na fitila, ta saurara har ƙarshe, ta ce bokon naku bai kai shekarun tautau a duniya ba. Na ce, "Inna, ai ke kika ba mu labarin gizo-gizon da ya yi saƙa a bakin kogon Sauru lokacin Hijira, har masu neman Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka juya." Labarin ya shahara a littattafan sira, ko da yake malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinsa, kuma akwai sura sukutum da sunan wannan halitta, Suratul Ankabut, inda aka buga misali da gidansa a matsayin mafi raunin gidaje. Ta ce duk ta sani, kuma wancan na kogo gizo-gizo ne, wannan na ɗaki tautau ne, ba ɗaya ba ne. Ƴar autata, wadda ke kwance a cinyarta, ta ce, "Kaka, to ta yaya ake gane wanne ne wanne?" Inna ta ja mata kunci ta ce, "Wanda ya ɓata miki wuya don ki rasa miji in ƙwace, shi ne tautau."

Ranar da za ta koma Tawa, da asuba kafin mu tafi tasha, na same ta a tsakar gida tana buga takalmanta a ƙasa ɗaya bayan ɗaya kafin ta sa. Na ce ashe dai maganata ta shiga. Ta ce tun ban zo duniya ba take yin haka, kuma saboda kunama ne. Da za mu fita ta tsaya a gindin dogon yaro, inda na igiyar shanya bai riga ya kwance saƙarsa ba, raɓa ta kwanta a kan zaruruwan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuya ta wuce ta ƙarƙashi, tana riƙe da gyalenta kada ya taɓa.